Daga Alƙalamin Edison Zuwa Injin Jarfa Mai Batir

A shekarar 1876 Thomas Edison ya yi rajistar wani alƙalami mai aiki da lantarki. Don aikin ofis ya ƙera shi: ɗan ƙaramin moto a kansa yana cilla allura sama da ƙasa, allurar tana huda takarda, sai a shafa tawada a fitar da kwafi masu yawa. Shekara 15 bayan haka, wani mai jarfa a Chatham Square da ke New York, Samuel O'Reilly, ya ga cewa abin da ke huda takarda ai zai huda fata. Ya gyara wurin allura, ya sa bututu mai riƙe tawada, a watan Disamba na 1891 kuma ya karɓi takardar mallakar fasaha. Matasan masu jarfa da ke ɗaukar injin moto a matsayin sabon yayi kan yi mamaki idan suka ji cewa shi ne na fari.

Amma ba shi ya mallaki shagunan jarfa ba. Wanda ya mallake su daga ƙararrawar ƙofa ya fito. A Landan, Alfred South ya yi rajistar inji mai koyil biyu a 1899. Charlie Wagner ya biyo baya a New York a 1904, sannan Percy Waters na Detroit a 1929, kuma ƙirar Waters ce har gobe ake kwaikwayo. Aikinsa ba wuya a fahimta. Wuta ta shiga koyil, koyil ya zama maganaɗisu ya fizgo wani sandan ƙarfe ƙasa. Saukowar sandan ta raba sifirin da sukurun da ke ba shi wuta, wuta ta yanke, sifirin ya mai da sandan sama, wuta ta dawo. Haka zai yi ta yi, sau ɗari ko fiye a daƙiƙa guda. Wannan ne zizar da ke tarar mutum tun daga bakin ƙofar shago.

Daga nan ne sana'ar ta zama ta haɗa abubuwa huɗu da dole su jitu: inji, allura, bututu da mariƙinsa, da wuta. Ɗaya ya saɓa, fatar mutum ce za ta biya.

Injin koyil ba a saye shi a hau aiki. Sai an saita. Mai jarfa yakan ajiye aƙalla biyu, ɗaya na jan layi, ɗaya na inuwa da cika launi. Na layi ana so ya yi sauri, bugunsa gajere mai kaifi. Na inuwa ya fi natsuwa, bugunsa ya fi tsawo, don ya iya tura allurai da yawa ba tare da ya daddatse fata ba. Tsofaffin masu sana'ar a Amurka da kwabbai suke auna ratar da ke tsakanin sukurun da sifirin: kaurin kwabon santi 10 na layi, kaurin na santi 5 na inuwa. Sauran kuwa kunne ne da babban yatsa. Ya kunna inji, ya ɗora yatsa a kan sandan ya ji ƙarfin bugun, ya lanƙwasa sifirin kaɗan, ya sake saurare. Paul Rogers, wanda ya koyi aiki wurin Cap Coleman a Norfolk kuma daga baya ya kafa kamfanin Spaulding & Rogers tare da Huck Spaulding, a wannan fanni ya yi suna. A wata 'yar rumfa a Jacksonville ta jihar Florida yake ƙera injuna, masu jarfa suna zuwa daga nesa su zauna su ga yadda yake yanka sifirin. Ya rasu a 1990, kuma injunansa yau kayan tarihi ne da ake rububi.

Allura ita ce wahalar almajiri. Kafin a fara sayar da ita a haɗe, yaron shago ne ke zama da safe da dalma da ƙarfen liƙi, ya tara siraran allurai, ya daidaita tsininsu, ya liƙe su, sannan ya liƙa tarin a kan wani dogon sanda mai zobe a ƙarshe. Ya ɗaga madubin ƙara girma ya duba: tsini ɗaya ya lanƙwashe, an zubar da aikin. Idan aka tattara su zagaye aka matse bakinsu, na layi ne. Zagaye a sake, na inuwa. Jeri biyu a shimfiɗe, wanda ake kira magnum, na share fili mai faɗi. Lambobin da ke jikin fakiti a yau daga nan suka samo asali. Wanda ya ga 1207RL ya san allurai 7 ne masu kaurin milimita 0.35, a zagaye, na jan layi. Da 10 ce a farko, kaurin 0.30 ke nan.

Ita kuma allurar ba ta tafiya sai a bututun da ya dace da ita. Zagaye da baki zagaye, magnum da baki mai faɗi, kuma girma da girma. Bututu ya yi wa allura yawa, za ta riƙa rawa, layi ya fito a karkace, tawada ta yi ta fantsama. Ya yi mata kaɗan, za ta riƙa gogar bango, tsini ya dakushe, inji ya yi zafi. Abin da ke riƙe wannan tsari duka, in ka duba da kyau, roba ce irin ta ɗaure kuɗi, wadda ake zagayawa a jikin inji don ta danne sandan allura a bayan bututu. Ko mariƙin ma ba ado ba ne. Injin koyil nauyinsa a baya yake, yana rinjayar hannu, shi ya sa da yawa ke son mariƙin ƙarfe mai kauri, inci guda ko fiye, don nauyi ya daidaita kuma yatsu su huta.

Wuta ta fi komai saurin ba da labari. Na da sun yi aiki da batir da wata 'yar na'urar rage ƙarfi, masu bin ayarin wasanni gari-gari har da batirin mota. Daga baya akwatin wuta mai maɓallin murɗawa da fedar ƙafa ya zo. Dokar da kowane maigida ke nanata wa yaronsa ita ce, ƙara wuta ba ya gyara injin da ba a saita ba. Tartsatsi kawai zai ƙaru.

Abin da ya tilasta wa sana'ar sauya hali cuta ce. A 1961 birnin New York ya haramta jarfa bayan ɓarkewar ciwon hanta, haramcin bai tashi ba sai 1997. Tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta ta zama dole a shago, Sailor Jerry na Honolulu yana cikin waɗanda suka rungume ta da wuri. Allurar da ake amfani da ita sau ɗaya, da bututun roba na jefarwa, suka biyo baya. A nan babu abin kewa: duk daɗin da ake ji na labarin zamanin da, allura guda a jikin mutum goma ganganci ne.

Injin moto ya dawo ta Jamus. Manfred Kohrs na Hannover ya fito da nasa a 1978, amma girgizar gaske ta zo wajen 2007, lokacin da Cheyenne, na wani kamfani a Berlin, ya kawo katirij: allura da bakin bututu a haɗe cikin kwanson roba guda, a murɗa a sa, a murɗa a cire. Inji ɗaya ya isa aikin da da sai uku. Matsalar allura da bututu ta mutu a masana'anta.

Sai dai wasu saɓanin suka tsiro. A cikin katirij akwai tantanin roba da ke mai da allura baya yana kuma tare tawada da jini kada su hau cikin inji, kuma wannan tantani yana da turjiya. Injin koyil da aka saita don allurar dalma yakan gaza tura shi, sai an sa masa mariƙi na musamman da sandan turi, an kuma ƙara masa ƙarfi. Injin moto kuwa ba a lanƙwasa masa sifirin. Tsawon bugunsa galibi daga masana'anta yake, milimita 3.5 na aikin yau da kullum, 4 ko fiye na layi mai kauri da cika launi. Wasu motocin ba sa tashi a ƙaramar wuta sai akwatin da ke ba su bugun farko mai ƙarfi. Wayoyi ma sun rabu: tsohon inji da waya mai maƙata biyu, sabo da kan RCA, wani kuma da ɗan siririn soket irin na abin sauraron kunne. Da batir mai maƙalewa a gindin inji ya shigo a ƙarshen shekarun 2010, waya da feda suka tafi, amma nauyi ya koma baya kamar zamanin koyil, aka dawo neman mariƙi mai kauri.

Shi ya sa a shaguna da yawa na Turai da Amurka za ka tarar da injin batir mai siffar alƙalami a kan tire, a gefensa kuma injin koyil ƙirar Waters, wanda maigidan ke ɗauka idan aikin na layi ne baƙi mai kauri da allura 14, ya kunna, ya ɗora yatsa a kan sandan kafin ya tsoma a tawada.