Tarihin Zaɓen Kujera a Manyan Jiragen Sama na Zirga-zirgar Cikin Gida

Jirgin sama mai faɗin ciki shi ne wanda yake da hanyoyin wucewa guda biyu a tsakanin kujerunsa, ta yadda kowane sahu yakan kasu gida uku, wato kujerun gefen dama da na gefen hagu da kuma na tsakiya waɗanda ba su kusa da taga ko kaɗan, kuma sahu ɗaya yakan ɗauki mutum bakwai zuwa goma. Yawancin mutanen ƙasar Hausa da suka taɓa shiga irin wannan jirgi a hanyar aikin Hajji suka shige shi, don haka ake ɗaukarsa jirgin doguwar tafiya ne kawai, amma tun farkon fitowarsa akwai ƙasashe, musamman Amurka da Japan, da suka sa shi jigilar fasinja tsakanin biranensu na cikin gida, kuma a can ne al'adar tantance kujera ta samu gindin zama. A ƙaramin jirgi mai hanyar wucewa ɗaya, zaɓin bai wuce uku ba: taga, ko bakin hanya, ko tsakiya. A babban jirgi kuwa kujeru biyu masu kuɗin tikiti ɗaya suna iya bambanta ƙwarai, kuma abin da ya sa wata ta fi wata ya yi ta sauyawa gwargwadon dokokin gwamnati da farashin mai da yanayin filayen jiragen sama.

Jirgin Boeing 747, wanda shi ne na farko a wannan jinsi, ya fara ɗaukar fasinja a watan Janairu na 1970 a ƙarƙashin kamfanin Pan Am tsakanin New York da Landan, sannan jirgin DC-10 ya biyo baya a watan Agusta na 1971, inda kamfanin American Airlines ya fara aiki da shi tsakanin Los Angeles da Chicago, wato a hanyar cikin gida, kana jirgin TriStar na kamfanin Lockheed ya fito a 1972. A wancan zamani wata hukumar gwamnatin tarayya ce take ƙayyade kuɗin tikiti da hanyoyin da kowane kamfani zai bi a Amurka, saboda haka kamfanoni ba su da damar yin gasa ta hanyar rage farashi, sai suka koma gasa ta hanyar yalwar wuri da abinci da nishaɗi. Jirgin 747 ya fara ne da kujeru tara a sahu a ajin gama-gari, wato ajin mafi arha, DC-10 da TriStar kuma da takwas, biyu a kowane gefe da huɗu a tsakiya, kuma da yake jiragen sun fi ƙarfin yawan fasinjan da ake samu, wasu kamfanoni sun cire kujeru sun mayar da wurin falon hira, har American Airlines ya ajiye fiyano a bayan wasu jiragensa na 747.

Yadda ake raba kujeru a lokacin ma abin lura ne. Ko da yake tsarin kwamfuta na yin rajistar tikiti mai suna SABRE, wanda American Airlines da kamfanin IBM suka ƙera, ya kankama tun 1964, an daɗe ana ba da kujera a filin jirgi ranar tafiya, inda ma'aikaci yake da babban kati mai ɗauke da zanen cikin jirgin, kowace kujera da ɗan tambarinta mai danƙo, sai fasinja ya nuna wadda yake so, a ɓantaro tambarin a manna a takardar shigarsa, gurbin da ya rage a katin ya nuna cewa an kama wurin. Tambaya ta farko da ake yi wa matafiyi ita ce ko yana shan taba, domin daga 1973 doka a Amurka ta tilasta ware sashen mashaya, wanda galibi yake can baya, kuma tun da babu bango tsakanin sassan biyu, mafi munin kujera ga wanda ba ya shan taba ita ce ta sahun da ke kan iyaka. Wannan lissafi ya gushe da aka hana shan taba a tafiye-tafiyen cikin gida da ba su wuce sa'a biyu ba a 1988, aka kuma faɗaɗa hanin zuwa na sa'a shida a 1990.

Waccan yalwar wuri ba ta ɗore ba. Tashin farashin mai na 1973 ya sa falon hira ya zama asara, sannan dokar 1978 da ta sakar wa kamfanoni mara wajen sa farashi ta mayar da gasar kan arhar tikiti, wanda hakan ke nufin cusa ƙarin kujeru. Sahun 747 ya koma goma, uku da huɗu da uku, na DC-10 da TriStar kuma ya koma tara, biyu da biyar da biyu, kuma daga wannan tsari na biyu ne aka samu kujerar da matafiya suka fi ƙyama a tarihin sufurin sama, wato ta tsakiyar biyar, wadda mai ita sai ya tsallake mutum biyu ko ta wane gefe kafin ya kai hanya. Jirgin Boeing 767 da ya fara aiki a 1982 ya samu farin jini ne saboda akasin haka, domin sahunsa bakwai ne, biyu da uku da biyu, kujera ɗaya tak ce a cikinsu ba ta taga ba kuma ba ta bakin hanya ba. Bayan haka kamfanonin Amurka sun fi karkata ga ƙananan jirage masu tashi akai-akai, manyan suka rage a 'yan hanyoyi kamar na gabar gabas zuwa ta yamma da na tsibiran Hawaii.

A Japan ne lamarin ya kai matuƙa, kuma dalilinsa ƙarancin fili ne. Filin jirgin Haneda da ke Tokyo, wanda ya zama kusan na cikin gida zalla bayan buɗe na Narita a 1978, yana da iyakar yawan sauka da tashin da zai iya ɗauka a rana, alhali miliyoyin mutane suna buƙatar zuwa Sapporo a arewa da Fukuoka a kudu maso yamma da Naha a tsibirin Okinawa, wuraren da jirgin ƙasa mai tsananin gudu da aka buɗe tsakanin Tokyo da Osaka a 1964 bai isa ba ko kuma yake ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya isa. Tun da ba a iya ƙara yawan jirage, sai aka ƙara girmansu. Kamfanin Boeing ya ƙera wa Japan samfuri na musamman mai suna 747SR, wanda aka ƙarfafa gangar jikinsa da ƙafafun saukarsa domin ya jure sauka da tashi fiye da ninki biyu na abin da jirgin doguwar tafiya yake yi a rayuwarsa, kamfanin JAL na ƙasar ya fara aiki da shi a 1973 da kujeru 498, daga baya adadin ya kai 550, kamfanin ANA shi ma ya bi sahu a 1979. Magajinsa, 747-400D, wanda ya fito a 1991, ya ɗauki fasinja fiye da 560 a tafiyar da sau da yawa ba ta wuce sa'a ɗaya da rabi ba.

A irin wannan gajeriyar tafiya ma'aunin kujera mai kyau ya bambanta da na tafiyar dare zuwa wata nahiya, domin ba barci ake nema ba, ba kuma abinci ba. Ma'aikacin kamfani da ya tashi daga Haneda da sassafe don halartar taro a Osaka ya dawo da yamma, babban abin da ya dame shi shi ne lokacin fita, tun da jirgin da ya ɗauko mutum ɗari biyar yakan sauke su ne ta ƙofofin gaba na hagu, kuma wanda yake sahun ƙarshe yana iya ɓata lokacin da ya kai kaso mai tsoka na tsawon tafiyar kanta yana tsaye yana jira. Saboda haka kujerar bakin hanya ta gefen hagu a sahun gaba ta zama kamar gidan gaba a motar haya, ita ake fara kamawa. Benen jirgin 747 kuwa, wanda a tafiye-tafiyen ƙasashen waje galibi ake keɓe wa masu tikiti mai tsada, a samfurin 747-400D na cikin gida an cika shi da kujerun gama-gari, uku da uku, don haka masu sanin takan tafiya suka riƙa neman sa saboda ƙarancin hayaniya da nisa daga injuna, ko da yake sai sun sauko ta matakala kafin su fita.

Akwai kuma wani ma'auni a Japan, wato dutsen Fuji, mai tsayin mita 3,776, wanda jiragen da suka nufi yamma daga Tokyo suke wucewa ta kusa da shi. Jirgin da zai je Fukuoka yakan bi ta arewacin dutsen, don haka ana hango shi ta tagar hagu, wanda zai je Osaka ko Naha kuma yakan bi ta kudu, sai a gan shi ta dama, kuma sha'awar ganinsa ta kai har kamfanin JAL ya tanadi bayani ga fasinjojinsa kan gefen da ya kamata su zauna a kowace hanya. A nan ne sanin haruffan kujeru yake da amfani: a sahu mai goma ana farawa da A a tagar hagu a ƙare da K a tagar dama, ana tsallake harafin I don kada a rikita shi da lamba 1. Wanda ya sami taga amma a saman fiffike bai tsinana komai ba ta fuskar kallo, domin fiffiken babban jirgi yana rufe ƙasa a sahu masu yawa, sai dai kuma nan ne jijjigar iska ta fi sauƙi, kasancewar wurin yana kusa da tsakiyar nauyin jirgi, yayin da wutsiya ta fi ko'ina girgiza.

Batun tsira daga haɗari ya shiga wannan muhawara ta hanya mai ban tausayi. A ranar 12 ga Agusta 1985, lokacin hutun Obon da Japanawa suke komawa garuruwansu don ziyarar kaburburan iyaye, jirgin JAL mai lamba 123, samfurin 747SR, ya tashi daga Haneda zuwa Osaka da mutum 524, sai bangon da ke riƙe matsin iska a bayansa, wanda aka yi wa gyara ba daidai ba bayan wani haɗari na 1978, ya fashe, jirgin ya rasa hanyar sarrafawa ya faɗa kan duwatsu a lardin Gunma. Mutum 520 suka rasu, huɗun da suka rayu kuma dukansu mata ne da ke zaune a sahun baya, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa bayan jirgi ya fi aminci. Ra'ayin yana da ɗan tushe a wasu haɗurra, amma bai kai matsayin ƙa'ida ba, domin kowane haɗari da yadda yake zuwa. A ranar 2 ga Janairu 2024, da wani jirgin A350 na JAL da ya taso daga Sapporo ya yi karo da ƙaramin jirgin dakarun tsaron gaɓar teku a Haneda ya kama da wuta, dukkan mutum 379 da ke cikinsa sun fita da rai ta ƙofofi uku kacal daga cikin takwas, biyu a gaba ɗaya a baya, kuma abin da ya cece su shi ne bin umarnin ma'aikata da barin kaya, fiye da inda kowa ya zauna. Mutum biyar daga cikin shida na ƙaramin jirgin sun rasu.

Mataki na ƙarshe a wannan tarihi shi ne mayar da zaɓen kujera hajar sayarwa. Tun tsakiyar shekarun 1980 kamfanonin Japan suka ware 'yan manyan kujeru a gaban jirgi da ƙarin kuɗi, amma sauyin da ya fi tasiri shi ne na 2004, lokacin da JAL ya ƙirƙiro Class J, kujera mai ƙarin faɗi da wurin miƙe ƙafa a kan ƙarin yen 1,000 kacal na kuɗin Japan, farashin da ya sa ta zama abin da talaka ma zai iya nema. A Amurka kamfanin United ya riga ya fara ware sahun gaba na ajin gama-gari mai ƙarin tazara tun 1999, kuma sannu a hankali kujerun ƙofar gaggawa, waɗanda doka ta hana bai wa wanda bai kai shekara 15 ba ko wanda ba zai iya taimakawa wajen buɗe ƙofa ba, su ma suka koma na kuɗi a kamfanoni da yawa saboda filin da ke gabansu.

Shi kansa 747 ya bar hanyoyin cikin gida na Japan a hankali: filin jirgin Itami na Osaka ya hana jirage masu inji fiye da biyu sauka daga 2006 saboda ƙara, JAL ya sallami nasa a 2011, ANA kuma ya yi tafiyarsa ta ƙarshe da shi daga Naha zuwa Haneda a ranar 31 ga Maris 2014. Jiragen da suka gaje shi masu inji biyu ne, wato 777 da 787 da A350, kuma a cikinsu ma tsohuwar al'adar ƙara kujera ɗaya a sahu ta maimaita kanta, domin 777 ya fara da tara yawancin kamfanoni suka mayar da shi goma, 787 kuma ya fara da takwas ya koma tara. Jirgin A350 da JAL ya fara amfani da shi tsakanin Haneda da Fukuoka a watan Satumba na 2019 yana da kujeru 369, daga ciki 12 na babban aji ne, 94 na Class J, sauran 263 kuma na gama-gari a tsarin uku da uku da uku, inda kashi ɗaya bisa uku na fasinjan ajin suke zaune tsakanin mutum biyu.