Masallacin Madina, Matattarar Jama'a

Bayan godiya ga Allah da salati ga ManzonSa, ya kamata mai karatu ya tuna cewa masallaci tun asali matattarar jama'a ne. A shekarar Hijira, 622 Miladiyya, Annabi (SAW) ya sayi filin marayu biyu, Sahlu da Suhailu, aka gina masallaci da tubalin ƙasa, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino. A nan ake salla, ake karatu, ake yanke shari'a, ake karɓar baƙi. Waɗanda ba su da muhalli kuwa suka sami makwanci a rumfar da ake kira Suffa.

Da jama'a ta yawaita, Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi a shekara ta 17 bayan Hijira, ya kuma keɓe fili a gefe domin masu hira, kada su dami masu ibada. A shekara ta 29, Sayyidina Usman ya sake gina shi da sassaƙaƙƙen dutse.

Ashe aza harsashi aikin yini guda ne, riƙon gini kuwa aikin zuri'a bayan zuri'a. Allah Ya ba mu ikon riƙe wannan amana, amin.