Jakin Fatake da Karen Ƙanƙara

A shekarar 1911 aka yi abubuwa biyu da ba kasafai ake haɗa su a zance ɗaya ba. A cikinta ne jirgin ƙasa ya fara isowa Kano daga kudu. A ƙarshenta kuma, ranar 14 ga Disamba, Roald Amundsen, mutumin Norwe, ya riga kowa taka ƙuryar kudu ta duniya, a tsakiyar nahiyar ƙanƙara ta Antaktika. Karnuka ne suka kai shi.

Ba sa'a ce ta kai Amundsen ba. Ya taɓa zama da mutanen Inuit a arewacin Kanada, ya koyi yadda suke kiwon karnuka da ɗaura su a amalanken da ake ja bisa ƙanƙara. Ya tashi daga sansaninsa da karnuka 52 'yan asalin Girinlan. Da suka haye tsauni ya sa aka kashe 24, aka ciyar da sauran karnukan da mutanen da namansu, kamar yadda ya tsara tun kafin tashi. Goma sha ɗaya ne suka dawo. Abokin hamayyarsa, Robert Scott na Ingila, ya fi dogara da ƙananan dawaki, waɗanda ƙafafunsu ke nutsewa, kuma sai an yi dakon abincinsu a ƙasar da ko ciyawa ba ta tsirowa. Ya isa ƙuryar ranar 17 ga Janairun 1912, ya mutu a hanyar dawowa tare da mutanensa huɗu.

Da an ba wani madugun Kano wannan labari, da ba zai yi mamaki ba, domin ya san tafiya mai nisa a bayan dabba take. A ƙarni na 19 fatake, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan tashi da rani su nufi Gwanja. Sukan ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Sansanne Mango da Yendi har kasuwar Salaga. Kanwa da tufafi da fatu suke kai wa, su juyo da goro. Tafiyar watanni ce, kuma kaya masu yawa a bayan jaki suke.

Shi ya sa zaɓen jaki ya zama ilimi. An san auraki, mai ja-ja, shi ne babba kuma mai tsada. Akwai duna, da fari, da idabari. Bayan saye kuma sai kulawa. Akumari in bai zauna daidai ba, kwana kaɗan zai buɗe miki a gadon baya, jakin da ya yi miki kuwa ya tashi daga mai ɗaukar kaya ya koma kaya. Wagar dama dole ta yi nauyi ɗaya da ta hagu. A kowane zango sai an sauke kaya, an shayar, an sa dabaibayi, an ba da kanwa, kafin yaran ayari su nemi abin da za su ci. Can kudu kuma ga tsando mai kawo sammore. Goro ba ya jira: ana yayyafa masa ruwa, ana tsince ruɓaɓɓe, don haka kowace rana da gurguwar dabba ta ci wa ayari, daga riba take fita.

Abin takaici, tarihi ya riƙe sunayen attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda shi ma ya yi fataucin goro, amma ya manta da talakan ƙauye da ya yi renon jaka da ɗanta a turke, yana ware musu harawa da dusa tun daga kaka. A ƙauyukan arewacin Kano irin su Kunci, inda gona ke manne da gona, babu dajin da za a saki dabba da damina. Kiwon turke ne, na yankan ciyawa da hannu.

Jirgin 1911 ya karya hanyar Gwanja, domin goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa ya kawo shi Kano. Jaki bai rasa aiki ba. Ya koma kai gyaɗa wurin awo, da jigilar taki a mangala zuwa gona da rani, aikin da ya sa ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba ta mutu ba.

Karnukan Antaktika an kwashe na ƙarshensu a 1994, bisa yarjejeniyar ƙasashe, don gudun kada su sa wa dabbobin tekun wurin cuta. Jakinmu kuwa fatarsa ce ta zame masa masifa, tunda ana sarrafa ta a yi magani a ƙasar Sin. Farashinsa ya tashi har ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, wanda babur ba zai kai masa taki cikin yashi ba. Sai a watan Fabrairun 2024 Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fatunsu a faɗin nahiyar.