Malaka: tsohuwar kasuwar bakin teku ta ƙasar Maleshiya

Malaka jaha ce ƙarama a bakin teku a ƙasar Maleshiya, wajen kilomita 150 kudu da Kuala Lumfur, babban birnin ƙasar. Da sunanta ake kiran mashigin ruwan da ke tsakanin Maleshiya da tsibirin Sumatra. Da yawa daga cikin jiragen da ke ɗauko hajar Sin zuwa Kwatano da Lome, wadda ke ƙarewa a kasuwar Maradi, ta nan suke ratsawa.

Wani ɗan sarki mai suna Parameswara ya kafa garin wajen shekara ta 1400. Arzikinsa daga iska ya zo. A lokacin jiragen ruwa da iska suke tafiya, ita kuwa iskar yankin wata da watanni tana kaɗawa gefe guda, sannan ta juya. Sai fatake daga Indiya da ƙasashen Larabawa da Sin su yada zango a Malaka suna jiran ta juya, ana cinikin kayan yaji da yadi da tangaran. Sarakunan garin suka musulunta, addinin ya bi 'yan kasuwa zuwa tsibiran da ke kewaye.

Wannan arziki shi ya jawo masa ido. Turawan Fotugal suka ci garin a 1511, 'yan Holan suka ƙwace shi a 1641, Ingila ta karɓa a 1824. Daga baya ciniki ya koma Singafo, Malaka ta yi sanyi.

To, yau tarihin nan ne ke ciyar da garin. Baƙi na zuwa ganin ƙofar da ta rage daga ganuwar Fotugal, A Famosa, da jan ginin gwamnan Holan, da masallacin Kampung Kling na 1748, wanda ke titi guda da wuraren ibadar Sinawa da 'yan Hindu. A ƙarshen mako ana cin kasuwar dare a titin Jonker.

A 2008 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya, jerin da Agadas ta shiga a 2013, ita ma tsohon zangon fatake, sai dai nata jiragen raƙuma ne.