Malamar da Ta Hana Mu Dangwale

'Yan uwa mata, da adashi muka fara, a tsakar gida, tun ba mu san wata aba wai rajista ba. A 1987, shekarar da aka cire Jihar Katsina daga Kaduna, Maryam Babangida ta kawo shirin Better Life na matan karkara. A 1994 Maryam Abacha ta zo da nata. Kowanne ya bi gwamnatinsa ya wuce.

Wadda ta tsaya da mu ita ce malamar sashen walwalar jama'a ta ƙaramar hukuma, Allah Ya saka mata. Ita ta tura mu ajin yaƙi da jahilci, ta ce ba ta ƙara karɓar dangwale, kowa ta rubuta sunanta a littafin zubi. Mun yi ta gunaguni, wallahi.

A Satumbar 2021 aka yanke layin waya a Batsari da Safana saboda 'yan bindigar dajin Rugu, kasuwa ma aka rufe. Da littafin nan muka bi gida-gida muna neman matanmu da suka gudo daga ƙauyuka, muka ba kowa kuɗinta a hannu. Wasu sunayen har yau ba mu soke su ba.