Daga Jaki Zuwa Jirgi: Yadda Hanyar Gwanja Ta Tashi

Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano, wanda zai tafi Gwanja sai ya yi bankwana da iyalinsa sosai, domin tafiya da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Ayari kan tashi bayan ruwa ya ɗauke, jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jar fata da busasshiyar albasa. A ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa Bargu mai 'yan fashi, a bi ta Yandi har Salaga, inda goron ƙasar Asante ke jiran masu saye.

Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi riƙe wannan fatauci a ƙarni na 19. Ba 'ya'yan sarauta ba ne. Agalawa da Tokarawa ma asalinsu talakawan Abzinawa ne da suka gangaro ƙasar Hausa, kuma da ƙafa da jaki suka yi suna.

In ana hirar fatake, madugu ake fara ambata: shi ke gaban ayari, shi ke daidaitawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, ga jagaba da uban dawaki suna taimaka masa. Amma ribar goro ba a kan dokin madugu take ba. Tana hannun yaron da ake tasa idan an sauka zango, kowa ya miƙe ƙafa, shi kuwa ya kwance huhu. Zai baje goron, ya bi shi ɗaya bayan ɗaya yana juyawa a tafin hannu, ya fitar da mai sankara, ya canza ganyen da ya bushe, ya yayyafa ruwa daidai misali, ya sake ɗaurewa. Ruwa ya yi yawa, goro ya ruɓe. Ya yi kaɗan, ya yanƙwane. Ƙwaya ɗaya mai tsutsa da ido ya tsallake tana iya lalata huhu guda, wahalar watanni ta tafi a banza. Bayan 'yan kwanaki kuma a sake daga farko.

Yaro kan yi shekaru a haka ba albashi, sai ci da sutura da ɗan kayan da aka yarje masa ya saya na kansa. Sai maigida ya gwada shi da kuɗi ya ga bai taɓa ba, sannan ya ba shi jari, sau da yawa har ya yi masa aure. Tsarin yana da tsauri, kuma ba kowa ya ci moriyarsa ba, domin a cikin ayari akwai bayi da suka ɗauki kaya har tsufa ba su mallaki ko jaki ba. Duk da haka, sana'ar da ke tafiya kan bashi ba takarda ba ta da wata hanyar sanin mutum sai wannan. Wanda ya ci amanar mai masauki a Salaga, labarinsa kan riga shi isa Kasuwar Kurmi ta Kano.

Sai ƙasa ta juya. Turawan Ingila sun shiga Kumasi a 1874, ƙarfin Asante a kan arewa ya karye. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, fatake suka watsu zuwa wasu garuruwa.

A wannan zamani Alhassan Ɗantata ya taso. An haife shi a Bebeji a 1877, ɗan madugu ne daga Agalawa, amma mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta koma Ankara ta ƙasar Gwalkwas, aka bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga nan sunan ya samo asali. Ya yi almajirci, kuma a Yaƙin Basasar Kano na 1893 an kama shi, sai da aka biya fansa. Zamansa ɗan madugu bai hana shi farawa daga ƙasa ba. Abin da ya bambanta shi shi ne bai ɗaure kansa ga hanyar kakanni ba: yana cikin na farko da suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Legas.

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Sanin rijiyoyin hanya, da mashigar kogi, da sarkin da ake bai wa gaisuwa, ilimin da madugai suka tara shekara da shekaru, ya wayi gari ba mai saye. Wannan ita ce gaskiya mafi ɗaci a tarihin sana'ar, kuma ba laifin kowa a cikinsu ba ne.

Abin da bai mutu ba shi ne jama'a da amana. Turawa sun so auduga, amma a 1912 gyaɗa ce ta cika tashar Kano, domin tsofaffin fataken goro sun baza yaransu ƙauyuka, suna bai wa manoma kuɗi da tufafi da gishiri kafin kaka. Kamfanin Neja ya ɗauki Ɗantata dillalin gyaɗa a 1918. Da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, ya kai ajiyar azurfa kayan raƙumi ashirin. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

Ita ma gyaɗar ta yi zamaninta. Fari da cutar da ta afka mata a 1975 sun kwantar da dalar gyaɗa. Goron da ake saukewa yau a kasuwar Mariri ta Kano a manyan motoci yake zuwa, yawancinsa daga ƙasar Yarabawa, cikin kwana biyu ko uku. Amma har yanzu da hannu ake tsince shi, ɗaya bayan ɗaya.