Gidan Ɗan Hausa na Kano: Daga Makarantar Boko Zuwa Taskar Al'adu

A unguwar Nasarawa ta birnin Kano akwai wani tsohon gidan ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, wanda ake kira Gidan Ɗan Hausa. Ya samo sunan ne daga Baturen da ya zauna cikinsa, wato Hanns Vischer, haifaffen birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876, wanda ya shiga aikin mulkin mallakar Ingila. A 1906 ya ƙetare Sahara tare da ayari daga Tarabulus zuwa Borno, ya bi ta Murzuk da Bilma. Ƙwarewarsa ga harshe ta sa Kanawa suka yi masa laƙabin Ɗan Hausa.

A 1909 Vischer ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewacin Nijeriya, a nan Nasarawa. An fara da horar da malamai, sannan aka kawo ƴaƴan sarakuna, aka kuma koyar da sana'o'in hannu. Da Hausa ake ba da darasi, saboda haka dole aka daidaita yadda za a rubuta ta. A 1912 ya wallafa ƙa'idojin rubutun Hausa da baƙaƙen boko, aikin da taron Bamako na 1966 ya ci gaba da gyarawa. Matarsa Isabelle kuwa ta rubuta labarin zamansu da Faransanci, aka buga shi a 1917.

Yau gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. An adana kayan gargajiya da tsofaffin hotuna a ɗakunansa, ɗalibai suna zuwa ziyarar ilimi tare da malamansu, ana kuma shirya bukukuwan al'adu a harabarsa. Wannan zirga-zirga ita ce ta tsare shi, domin ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, kuma sai gidan da ake shiga ne ake lura da tsagewar bangonsa.

Akwai abin koyi a nan ga malamai da ƙungiyoyin al'adu na Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela. Ƙonni ta san ciwon asara tun 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone ta. Tsofaffin zaurukan sarauta da gidajen attajirai da suka rage a yankin sun cancanci a ƙirga su, a rubuta tarihinsu daga bakin dattawa, sannan a ba kowanne aiki: ɗakin karatu, ajin yaƙi da jahilci, ko wurin taron ƙungiya.